Uwa a Gaban Kotu Bayan Mutuwar Jaririnta: Ina Iyakar Shaidar Likita?

A watan Nuwamba na shekarar 1999, wata kotu a birnin Chester na ƙasar Ingila ta kama wata lauya mai suna Sally Clark da laifin kashe 'ya'yanta maza guda biyu, ta yanke mata ɗaurin rai-da-rai. Babban, Christopher, ya rasu a watan Disamba na 1996 yana da mako 11 a duniya. Ƙanensa Harry ya bi shi a watan Janairu na 1998 yana da mako 8. Babu wanda ya ce ya ga ta cutar da su, ita ba ta amsa laifi ba, mijinta kuma bai taɓa yarda cewa ta aikata ba. An gina hukuncin ne a kan fassarar da likitoci suka yi wa alamomin da suka ce sun gani a gawarwakin yaran, alhali su kansu likitocin sun saɓa wa juna, sai kuma wani lissafi da ya fito daga bakin mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Farfesa Roy Meadow, babban likitan yara wanda a lokacin ake jin maganarsa a duk faɗin Birtaniya kan abin da ya shafi cin zalin ƙananan yara. A tsarin shari'ar Ingila, mutum 12 ake ɗebowa daga cikin jama'ar gari su saurari ƙara, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Meadow ya gaya wa waɗannan mutane cewa a gida irin na Clark, mai rufin asiri, wanda ba a shan taba a cikinsa, yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a jere 1 ce cikin miliyan 73. Mutum 10 daga cikin 12 suka ce ta yi kisa.

Mun ɗauko wannan shari'a da 'yan uwanta ne domin mas'alar da ke cikinsu ta shafi duk mai yin hukunci a kan jini. Ra'ayinmu shi ne, maganar likita a gaban alƙali zato ce, mai ƙarfi ko mai rauni gwargwadon ilimin zamaninsa da gaskiyarsa. Duk ƙasar da ta yarda ta ɗaure mutum da irin wannan zato, to wajibi ne ta bar ƙofar komawa ga hukuncin a buɗe, domin ranar da ilimin zai canza.

Bari mu fara da lissafin. Meadow ya ɗauki adadin da wani bincike ya bayar, cewa a irin wannan gida jariri 1 cikin 8,543 ne ke mutuwar fuju'a, sai ya ninka adadin da kansa, ya sami kusan miliyan 73. Irin wannan ninki ba ya inganta sai idan mutuwar farko ba ta da wata alaƙa da ta biyu, kamar dai a ce yaran daga gidaje daban-daban suka fito. Amma wa da ƙane jini ɗaya ne, ciki ɗaya suka kwanta, ɗaki ɗaya suka shaƙi iskarsa. Idan akwai wata cuta ta gado da ta ɗauke na farko, tana nan tana jiran na biyu.

Kakanninmu ba su karanta ilimin ƙididdiga ba, amma sun lura da wannan har sun yi masa suna: wabi. Sun ga macen da take haihuwa tana binnewa, sun ga yadda abin ke bin gida ɗaya ya tsallake maƙwabta, har suka riƙa laƙaba wa ɗan da ya biyo baya suna irin su Ajuji da Ayashe don fatan ya tsaya. Bayanin da suka ba abin, na iskoki da sammu, ba daidai ba ne, kuma Musulunci ya zo ya gyara shi. Abin da idonsu ya gani kuwa gaskiya ne. Yau duk ɗalibin sakandare ya san misalin sikila: idan uba da uwa duka masu rukunin jinin AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da cutar. Da zarar ɗan fari ya zo da ita, ba a ƙara auna ƙanensa da ma'aunin sauran yaran gari, domin an riga an san abin da iyayen ke ɗauke da shi. Farfesa ya manta da abin da ungozomar ƙauye ta sani.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ɓoyuwa. A ƙaddara ma lissafin daidai ne. Kotu ba ta zauna don ta gano ko mutuwar jarirai biyu abu ne mai wuyar aukuwa ba, tunda yaran sun riga sun mutu. Tambayar da ke gabanta ita ce, cikin bayanai biyu, wanne ya fi kusa da gaskiya: ajali ta hanyar cuta, ko kisa? Uwa ta kashe 'ya'yanta biyu ɗaya bayan ɗaya shi ma abu ne mai matuƙar wuyar aukuwa. Wanda ya faɗi wuyar ɗaya ya yi shiru a kan wuyar ɗayan, ya ɗora dutse a tafi ɗaya na sikeli ya ɓoye ɗaya tafin. Masu saurare kuwa abin da kunnensu ya ji shi ne yiwuwar matar ba ta da laifi 1 ce cikin miliyan 73, alhali lissafin bai faɗi haka ba. A watan Oktoba na 2001 babbar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce adadin ba shi da tushe. A lokacin Clark ta kusa cika shekara biyu a kurkuku, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta kori ƙararta ta farko a shekarar 2000, tana mai cewa sauran hujjojin sun isa.

Abin da ya buɗe mata ƙofa a ƙarshe wata takarda ce. Mijinta da masu taimaka masa suka tono bayanan asibiti, suka tarar cewa gwajin da aka yi wa gawar Harry ya nuna ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus a wurare 8 na jikinsa, har da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Likitan da ya binciki gawar, Alan Williams, ya san da wannan sakamako tun 1998, amma bai kai shi gaban kotu ba, bai kuma nuna wa lauyoyin da ke kare ta ba. Mai karatu ya san yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tsananta a kan ɓoye shaida, har ya danganta zunubin da zuciyar mai ɓoyewa. Likitan da ya ajiye sakamakon gwaji a aljihun tebur saboda shi a ganinsa ba shi da amfani, ya ƙwace aikin alƙali ya yi da kansa a ɗakin gwaji, inda ba mai yi masa tambaya.

Ingila tana da wata hukuma da aka kafa da dokar 1995, ta fara aiki a 1997, wadda ba ta da wani aiki sai duba shari'o'in da aka gama, idan ta ga akwai yiwuwar an yi kuskure ta mayar da su Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ita ce ta mayar da shari'ar Clark. A watan Janairu na 2003 kotu ta soke hukuncin, ta kuma ce bai kamata tun farko a bari wancan lissafi ya shiga kunnen masu saurare ba. Matar ta fito bayan fiye da shekara uku. Ɗanta na uku, wanda ya rayu, ya koyi magana uwarsa tana tsare. A watan Maris na 2007 aka tarar da ita ta mutu a gidanta tana da shekara 42, barasa ta yi mata yawa a jini. Danginta suka ce ba ta taɓa farfaɗowa daga abin da ya same ta ba.

Ba ita kaɗai ba ce. An san Meadow da wata ƙa'ida da ya yaɗa, wadda ke ɗaukar mutuwar jariri na biyu a gida ɗaya abin tuhuma, ta uku kuwa kisa ce har sai an kawo hujjar akasin haka. Wannan shi ne “ruwa ba ya tsami banza” da aka sa wa rigar likita. Aibinta a fili yake ga duk wanda ya karanta babin shari'a ko da a Risala ne: hujja tana kan mai da'awa, asalin mutum kuma kuɓutacce ne. Ƙa'idar Meadow ta juya wannan, ta ce wa uwa ta tabbatar da abin da ya kashe ɗanta, alhali ma'anar mutuwar fuju'a a wurin likitoci ita ce mutuwar da su kansu suka bincika suka rasa sababinta. A watan Yuni na 2003 aka wanke Trupti Patel, mai haɗa magunguna da ta rasa jarirai uku, bayan kakarta ta taso daga Indiya ta shaida wa kotu cewa ita ma 'ya'yanta 5 cikin 12 sun mutu suna jarirai. A watan Disamba na shekarar aka saki Angela Cannings, wadda aka gano cewa a danginta na wajen uba, a ƙasar Ayalan, an sha yin irin wannan rashi. A shari'arta ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kafa abin da ya kamata a ce an sani tun da: idan ƙara ta rataya kacokan a kan saɓani tsakanin manyan masana masu mutunci, to ci gaba da ita hatsari ne. Daga nan Antoni-Janar na ƙasar ya sa aka sake duba shari'o'i kusan 300 na mutuwar ƙananan yara.

Shari'ar da ta fi tsayawa a rai ita ce ta Kathleen Folbigg a ƙasar Ostareliya. 'Ya'yanta huɗu, Caleb da Patrick da Sarah da Laura, sun mutu tsakanin 1989 da 1999, ƙaraminsu a shekaru yana da kwana 19, babbarsu ba ta cika shekara biyu ba. A 2003 aka yanke mata shekara 40, daga baya aka rage zuwa 30. Ba a sami alamar shaƙewa a jikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Babban makamin masu ƙara shi ne littattafan da take rubuta damuwarta a asirce, inda ta yi ta zargin kanta. Duk limamin da ya taɓa zama da uwar da ta binne ɗanta ya san irin wannan magana: ni na jawo, da ban yi barci ba, da ban yi fushi da shi ba. Kalamin baƙin ciki ne. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa iƙirarin da za a hukunta mutum da shi ya zama bayyananne, wanda ba ya ɗaukar wata fassara, daga mai cikakken hankali da zaɓi. Inda za a auna rubutun Folbigg da wannan sharaɗi, da bai wuce ba.

An yi bincike na musamman a 2019 aka ce hukuncin yana nan daram. Amma wata masaniya 'yar ƙasar Sifaniya, Carola Vinuesa, da abokan aikinta sun gano cewa Folbigg da 'ya'yanta mata biyu suna ɗauke da wani canji a ƙwayar gado mai suna CALM2, wanda ke iya rikita bugun zuciya ya kashe yaro nan take. A lokacin da aka yi mata shari'a ba a san cewa irin wannan canji yana kisa ba. A 2021 masana kimiyya da likitoci 90 suka sa hannu a takardar neman a sake ta. Aka naɗa tsohon Babban Jojin jihar, Tom Bathurst, ya sake bincike, ya ce akwai shakka mai ma'ana a kan laifinta. Ranar 5 ga Yuni, 2023, aka yi mata afuwa bayan shekara 20 a tsare. Ranar 14 ga Disamba na shekarar kotu ta soke hukuncin baki ɗaya.

Kada wani ya fahimci cewa muna cewa uwa ba ta kashe ɗa, ko kuwa a daina sauraron likitoci. A jihar New York ta Amurka, 'ya'yan wata mata mai suna Waneta Hoyt su biyar sun mutu tsakanin 1965 da 1971. Wani likita ya rubuta maƙala a 1972 yana kafa hujja da gidanta cewa mutuwar fuju'a tana bin dangi, aka yi shekaru ana koyar da wannan, sai a 1995 kotu ta kama matar da laifin kashe su. A nan ma likita ne ya yi kuskure, sai dai kuskurensa ya rufe jinin yara biyar. Jaririn da aka kashe shi ma yana da haƙƙi, kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin ranar da za a tambayi wadda aka binne da rai laifin da ta yi. Abin lura shi ne, a 1972 ilimin likita ya karkata gefe guda da cikakken tabbaci, zuwa 1999 ya karkata ɗaya gefen da irin wannan tabbaci. Alƙalin da ya miƙa wa masani kujerarsa zai riƙa karkata tare da shi duk inda ya yi.

Shari'ar Musulunci ba ta ƙi masana ba. Malamanmu sun karɓi maganar likita wajen auna rauni, sun karɓi shaidar mata a kan ko jariri ya yi kuka bayan haihuwa. Ibnu Farhun a Tabsiratul Hukkam da Ibnul Ƙayyim a Ɗuruƙul Hukmiyya sun faɗaɗa magana a kan hukunci da alamomi. Sai dai a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, an kawo riga a matsayin hujja har sau biyu. Rigar da aka shafa wa jini ƙarya ta faɗa, rigar da ta yage ta baya kuwa gaskiya ta faɗa. Alama tana buƙatar mai tambayarta. Shi ya sa a babin jini da haddi malamai suka tafi a kan cewa shubuha tana tunkuɗe uƙuba, kuma shugaba ya yi kuskure wajen saki ya fi sauƙi a kan ya yi kuskure wajen horo.

Wani ɗalibi zai ce, ai akwai ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi, kuma idan aka bar kowace shari'a a buɗe, husuma ba za ta ƙare ba. Gaskiya ne, kuma ƙa'ida ce mai amfani. Amma tana magana ne a kan alƙalin da ya zaɓi fahimta ɗaya cikin fahimtoci biyu ingantattu, wani ya zo daga baya ya fi son ɗayar. Ba ta rufe ƙofa idan ginshiƙin hukuncin ne ya rushe. Buhari ya kawo labarin mutum biyu da suka yi shaidar sata a gaban Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, aka yanke hannun wanda suka nuna, sannan suka dawo da wani suka ce kuskure suka yi, wannan ne ɓarawon. Ya ƙi karɓar shaidarsu a kan na biyun, ya kuma ɗora musu diyyar hannun na farkon. A wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda ake ɗauka a matsayin tushen ladubban alƙalanci, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Har ma a kan jariri aka taɓa yin irin wannan: mata biyu da kyarkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu suka yi jayayya a kan wanda ya rage, Annabi Dawud ya ba babbar, Annabi Sulaiman ya sake gwada su ya gano uwar gaskiya ita ce ƙaramar. Imamun Nasa'i ya ciro daga wannan hadisi cewa alƙali yana iya warware hukuncin wanda ya kai shi ko ya fi shi.

A Nijeriya, idan Kotun Ƙoli ta yi magana, abin da ya fi saura wa ɗaurarre shi ne afuwar shugaban ƙasa ko ta gwamna, ƙarƙashin sashe na 175 da na 212 na tsarin mulki. Afuwa kuwa ana yi wa mai laifi ne. Wata shida da Folbigg ta yi tsakanin Yuni da Disamba, tana waje amma a takarda tana nan a matsayin wadda ta kashe 'ya'yanta, ya isa ya nuna bambancin yafewa da wankewa. Ga shi kuma dokarmu tana yanke hukuncin kisa a kan kisan kai, abin da Ingila da Ostareliya suka daina tun kafin waɗannan shari'o'i. Da an rataye waɗannan mata, da takardar asibiti da gwajin ƙwayar gado sun iso bayan an rufe kabari. Muna ganin ya dace majalisunmu, da jihohin da ke aiki da dokokin Shari'a, su yi tunanin kafa hukuma mai zaman kanta da za ta iya mayar da shari'a kotu idan sabuwar hujjar kimiyya ta bayyana, kuma a wajabta ba wa wanda ake tuhuma dukkan sakamakon gwaji, tare da likitan da zai duba masa su ko da ba shi da kuɗi.

Akwai wani abu da ya rataya a wuyanmu mu malamai. Abin da ya ceci Folbigg shi ne an adana ɗigon jini da samfurin jikin 'ya'yanta shekaru da yawa, har ilimi ya kai ga karanta su. Mu muna gaggauta jana'iza, kuma sunna ce. Amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke tun 1987 cewa binciken gawa ya halatta idan alƙali yana buƙatarsa don gano sababin mutuwa a ƙarar laifi, ko don gano cutar da za a kare rayayyu daga gare ta. Idan an riga an fara nuna wani da yatsa, hana likita ɗibar jini da sunan girmama mamaci yana iya zama sanadin zaluntar rayayye.

Mafi yawan irin waɗannan shari'o'i a wurinmu ma ba sa zuwa kotu. A tsakar gida ake yanke su. Jariri ya mutu da dare, kafin a dawo daga maƙabarta an ce kishiya ce, ko 'yar aiki, ko tsohuwar da ke bayan layi an ce mayya ce, ko kuwa uwar ce da kanta aka ce ta danne shi da gangan. Aure ya mutu, zumunci ya yanke, wani lokaci matasa su ɗauki doka a hannunsu. Sally Clark ta sami hukumar da ta sake buɗe fayil ɗinta. Matar da unguwa ta yanke wa hukunci ba ta da inda za ta ɗaukaka ƙara. Idan aka kawo wa liman ko mai unguwa labarin gidan da ya rasa jariri na biyu ko na uku, musamman inda auren zumunci ne, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya hana a ambaci sunan kowa, ya tura miji da mata asibitin koyarwa mafi kusa a duba jininsu, a kuma tambayi tsofaffin dangin ɓangarorin biyu ko an taɓa yin wabi a zuriyarsu.